Ranar da Tsaya-Nan Ya Ɓuya a Saman Durowa

"Ku jeru," in ji Tsaya-Nan. "Babba a dama, ƙarami a hagu."

Yaran suka jeru a tsakiyar falo. Yaya, babbarsu mai shekara goma sha uku, ta riƙe hannun Auta. Injiniya kuwa, na tsakiya, tun kafin a tambaye shi ya fara juyo aljihunsa waje, don a saninsa duk jerin da aka yi a gidan nan a kansa yake ƙarewa.

"Mai da aljihunka, ba bincike ba ne." Uban ya gyara murya, ya ɗaga wata 'yar takarda mai ƙamshin sabulu. "Yau za a yi nishaɗi."

Babu wanda ya motsa. Mama da ke zaune a gaban keken ɗinkinta ta ɗago kai, ta dubi mijinta ta saman tabarau, ta mai da kai kan ɗinkinta.

"Baba," in ji Yaya a hankali, "wa ya yi laifi?"

Kada ka ga laifin yarinyar. Shekara goma sha tara ke nan Tsaya-Nan yana tsaye a ƙofar kamfanin sabulu, yana laluben ma'aikata idan sun tashi. Ya ciro sabulu daga safa, ya ciro daga cikin burodi, ya taɓa cirowa daga ƙarƙashin bandejin wani da ya rantse ƙafarsa ta karye. Kalma biyu ce tasa, da su yake gaisuwa da su yake sallama, har suka cinye sunansa na yanka. Mutum ne mai gaskiya, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Sai dai fuskar da yake sa wa a bakin ƙofa ta manne masa, da ita yake shigowa gida, da ita yake cin abinci. Ga shi mako guda aikin rana, mako guda aikin dare. Idan makon dare ne, yakan dawo da safe ya kwanta, sai gida ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ana tafiya da ɗan yatsan ƙafa, ana magana da ido, Mama ma da hannu take juya kekenta, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, don kada ƙarar feda ta tashe shi. Shi bai taɓa kafa wannan doka da bakinsa ba, amma kuma bai taɓa tambayar wa ya kafa ta ba.

Shekaranjiya ne abin ya faru. Ya ga jakar makarantar Auta a kan kujera, hannunsa ya shiga ciki da kansa, don hali zanen dutse ne. Ya ciro littafin aikinta. Malamarsu ta ba su cike gurbi, Auta kuma ta cike da rubutunta mai kama da tafiyar kaza. Da Mama muna yin: dariya. Da Yaya muna yin: faɗa. Da Baba muna yin: shiru. Malamar ta bi dukkan ukun da jan biro ta ba ta maki, har da rubuta "Da kyau" a ƙasa.

Ya karanta sau uku a tsaye. Abin ya sosa masa rai fiye da yadda zai iya gaya wa kowa, ya naɗe littafin ya cusa a aljihun wandonsa, tun ranar kuma yana nan. A daren jiya, sai ga shi ya kama wani ma'aikaci da sabulu biyu naɗe cikin shafin wata mujalla. Ya mayar da sabulun sito, ya rubuta rahoto, yana shirin jefar da takardar idonsa ya faɗa kan kanun: hanyoyi goma na nishaɗi tsakanin iyaye da 'ya'yansu. An yage sama da ƙasa, daga ta huɗu zuwa ta bakwai kaɗai suka tsira. Ya ce a ransa huɗu ma sun isa. Shi ya sa yau Asabar, da ya sauka daga aiki ƙarfe shida na safe, bai kwanta ba. Ya sha shayi kofi uku masu kauri, ya tara jama'arsa. Ƙarfe shida na yamma zai koma bakin ƙofa, kafin nan kuwa ya ƙudurta sai ya ji dariyar 'ya'yansa da kunnensa, yana cikin ɗakin, ba daga matakala ba.

"Ta huɗu," ya karanta. "Ku yi girki tare."

Kicin ɗin gidan mutum biyu yake ɗauka idan suna shiri da juna. Su huɗu suka shiga. Ya raba aiki: Yaya albasa, Injiniya fasa ƙwai, Auta riƙe cokali. Ya ƙirga ƙwai shida kafin a fara, da aka gama ya ƙirga ɓawo, ya ga na biyar da rabi ne, aka tsayar da komai sai da aka gano sauran a ƙarƙashin takalmin Injiniya. Auta ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Baba, in juya?"

"Juya."

Ta juya sau ɗaya, ta tsaya tana jiran umarni na biyu. Aka ci ƙwai da burodi, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Ƙwan ya yi daɗi, wannan kam ba a musu, amma nishaɗi ko ƙamshinsa ba a ji ba.

"Ta biyar. Ku ba juna labarin ban dariya. Ni zan fara."

Yana da labari kuwa, na gaske, wanda abokan aikinsa har yau idan sun tuna sai sun riƙe ciki. Wani ma'aikaci ne ya ɓoye garin sabulu a cikin hularsa, yana zuwa layin fita ruwa ya kece. Kafin layi ya zo kansa kumfa ta fara gangaro masa ta kunnuwa, ta rufe gira, shi kuma yana tsaye ƙiƙam yana rantsuwa ciwon kai ne ke sa shi haka. Labari ne da ko kurma aka ba shi da hannu zai yi dariya. Amma Tsaya-Nan ya fara da kwanan wata da lokaci, ya faɗi lambar katin mutumin, ya bayyana nauyin garin da aka samu bayan an cire na ruwa, ya rufe da cewa an dakatar da shi mako biyu.

Yaran suka dubi juna.

"Allah ya kyauta," in ji Yaya.

"Amin," in ji sauran.

"Na dariya ne fa."

"Ha ha," in ji Injiniya, cikin ladabi.

Daga wajen keken ɗinki aka ji wani sauti kamar an shaƙe tsuntsu. Mama ce ta cusa fuska a cikin rigar da take ɗinkawa, kafaɗunta na rawa. Ya san ba labarin take yi wa dariya ba, amma ya bar wa cikinsa.

Ta shida sabulu ya cinye ta, babu abin da ya rage sai kalmar "tare". Ya tsallake zuwa ta bakwai, fuskarsa ta ɗan saki a karon farko.

"Wasan ɓuya. To, wannan fannina ne. Ku ɓuya, zan ƙirga hamsin."

Nan fa ido ya ɗan yi haske. Wasan ɓuya wasansu ne, sun san kowane lungu na gidan, ɗaki biyu da falo da baranda. Ya juya ya fuskanci bango yana ƙirga, yana jin 'yan ƙafafu na gudu, har ya ji wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Auta. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ce yau abin nema ya samu.

Da ya kai hamsin ya juyo, sai mai gadin da ke cikinsa ya farka, uban ya koma gefe. Bai yi ko waige-waige ba. Labulen falo ya fi na kullum kumburi da ɗan yatsa biyu: "Tsaya nan." Yaya ta fito. Kwandon wanki murfinsa na numfashi: "Tsaya nan." Injiniya ya fito da safa a kafaɗa. Auta kuwa ta shige ƙarƙashin teburin keken Mama ta ja yadi ta rufa, ya ɗaga yadin da yatsa biyu. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in, ya duba agogo ya sanar da su.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma a hanya hannunsa ya ci karo da wasu abubuwa, shi kuwa hannun nan ba ya wuce abu. Ya jera su a kan tebur: gawar rediyon da aka ce ya ɓata wata uku da suka wuce, an farke cikinta an adana a bayan kujera, jan baki guda da ya fito daga cikin matashin Yaya, sai rabin cakulan da aka naɗe cikin ƙyalle aka tura can ƙarshen akwatin zare.

"Wannan na wane ne?"

"Cakulan nawa ne," in ji Mama. "Ajiye min abina."

Injiniya na kallon ƙasa, Yaya na kallon silin, leɓen Auta na ƙasa ya fara rawa. Mama ta tashi ta ja hannun rigarsa zuwa kicin ta turo ƙofa.

"Baban Auta, wai kai ba a taɓa yin yarinta da kai ba?"

"Me na yi? Sun ɓuya, na samo su. Ba shi ne wasan ba?"

"Ba shi ba ne. Wasan shi ne ka gan su ka yi kamar ba ka gani ba. Ka buɗe firji ka ce ko suna ciki. Ka tambayi buta. Ka wuce ta gaban labule sau uku kana cewa yaran nan sun gagare ka, su kuma suna ciki dariya na neman kashe su."

"In gani in yi kamar ban gani ba?" Ya dube ta kamar ta ce ya yi sata. "Shekara goma sha tara ban taɓa yi ba."

"Na sani. Ai ni na aure ka." Ta numfasa. "To, bar nema, ba naka ba ne. Kai ka ɓuya su neme ka. Kuma don Allah ka mayar wa yarinya jan bakinta, ni na saya mata."

Aka tura yaran baranda su ƙirga hamsin. Mama ta koma kan kekenta ta ce ita ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba.

To, wanda ya shekara goma sha tara yana nema, ya san inda mai nema ba ya dubawa. Darasi na farko da yake koya wa sababbin masu gadi shi ne, mutum ƙasa yake kallo, ba ya ɗaga kai. Ya shiga ɗakin kwanansu, ya dubi doguwar durowar kaya mai ƙofa uku, wadda akwatuna biyu da tsohuwar fanka ke zaune a samanta. Ya jawo kujera, ya taka, ya yi bismilla, ya ɗaga jikinsa mai shekara arba'in da bakwai ya kwanta a bayan akwatunan, gwiwa a ƙirji, hanci a ƙura. Sannan ya tuna kujerar shaida ce. Ya miƙa ƙafa ya tura ta da babban yatsa, ta zame sumul har gefen gado.

Saura abu ɗaya. Duk wanda ya taɓa kamawa a ɓoye a cikin sito, ido ne ya tona masa asiri. Jiki na iya sajewa da buhu, amma farin ido ba ya sajewa da komai. Don haka da ya ji an ce "hamsin" daga baranda, sai ya rufe idanunsa ruf, ya daidaita numfashi, a hankali, a hankali.

Ya ji su sun shigo da gudu. Aka buɗe banɗaki, aka ja labule, aka leƙa kwandon wanki. Injiniya har da cewa, "Baba, mun gan ka, fito," dabarar da Tsaya-Nan ya yaba a ransa. Sannan ƙafafun suka nufo ɗakin. Ƙofa ta buɗe. Wani ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado. Aka buɗe ƙofar durowar, a daidai ƙarƙashin cikinsa, aka rufe. Sai aka yi shiru. Ya ji raɗa, ƙus-ƙus-ƙus, bai kama ko kalma ba. Ƙafafun suka fita, aka ja ƙofa a hankali har sai da ta ce ƙit.

Murmushi ya kuɓuce masa a cikin duhun idonsa. Su uku, ido shida, sun tsaya taku biyu daga gare shi sun fita hannu rabbana. Ya fara tsara yadda zai yi idan sun dawo zagaye na biyu: zai bari su gaji, sannan ya yi gyaran murya daga sama, su firgita, su kwashe da dariya. Har ya ji dariyar a kunnensa.

Minti goma suka wuce. Ba a dawo ba.

Minti ashirin. Ya buɗe ido ɗaya, ya ga gizo-gizo na kallonsa daga kan fanka, ya mayar ya rufe. Ƙafarsa ta hagu ta fara tsiyayar allurai, daga nan ta daina gaya masa komai. Shayin nan kofi uku kuma ya aiko da saƙo cewa ya iso inda za shi. Ya leƙa ƙasa, ya ga kujerar can gefen gado inda gwanintarsa ta kai ta, ƙasa kuwa ta yi nisa fiye da yadda ya bar ta. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ya kasa kunne. Ba a buɗe komai, ba a jan komai. Babu mai nemansa. Abin da yake ji kawai shi ne keken Mama, ƙit, ƙit, ƙit, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Can kuma, daga falo, ya ji muryar Injiniya ƙasa-ƙasa, an kumbura ta an yi mata kauri.

"Tsaya nan. Yau za a yi nishaɗi. Duk wanda bai yi nishaɗi ba, a rubuta sunansa."

Aka fashe da dariya, irin wadda ake toshewa da matashi.

"Ranar goma ga wata," Injiniya ya ci gaba, "da misalin ƙarfe biyar da minti bakwai, kumfa ta fito daga kunnen wanda ake zargi."

"Yi a hankali mana," in ji Yaya, ita ma muryarta na rawa.

Ja'irin yaron ya iya, wannan ne abin haushin. Har jan hancin da yake yi kafin ya ce "misalin" ya kwaikwayo. Ga dariyar da ya hana kansa barci dominta, ga ta nan ta zo, da labarinsa, da muryarsa, amma sai da aka tabbatar ba ya wurin. Ba kwaikwayon ne ya yi masa ciwo ba. Ko kaza ce ta ɓata a gida, ai a kan yi ta nema har a gaji. Shi an neme shi minti uku, an ga gidan ya fi daɗi babu shi, an bar shi a inda yake. Yana kwance a saman durowa, babban mutum mai 'ya'ya uku, ƙura a gashin baki, ya ji kaɗaici irin wanda bai taɓa ji ba ko a bakin ƙofa.

Ya kusa awa guda a wurin sa'ad da ƙofa ta sake buɗewa. Ya rufe ido da sauri, don har yanzu bai ga ta inda zai sauko da mutuncinsa ba. Ƙafa ɗaya ce, mara nauyi. Ya ji ana jan kujera, a ɗaga a ajiye, a ɗaga a ajiye, don kada ta yi ƙara. Aka hau. Aka yi ɗage. Sai ya ji ana tura masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kumatu, da kaɗan-kaɗan.

Ya buɗe ido. Auta ce, goshinta da idanunta kawai suka leƙo bakin durowar, tana ƙoƙarin sa masa ɗan matashinta mai hoton zomo.

"Yi haƙuri, Baba," ta raɗa. "Na tashe ka?"

"Yaushe kika san ina nan?"

"Tun da muka shigo. Duk mun gan ka." Ta nuna bango da ido. "A madubi."

Ya juya ido. Madubin Mama na tsaye a bangon da ke fuskantar durowar, a ɗan karkace, yana nuna shi tun daga hula har safa mai huji. Shi da kullum da madubi mai sanda yake leƙa ƙarƙashin manyan motoci.

"To, da kuka gan ni, me ya hana ku kama ni?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta me ya sa ruwa yake jiƙa mutum.

"Ai ka rufe ido. Idan Baba ya rufe ido ba a magana."

Ta gyara tsayuwarta a kan kujerar ta ci gaba.

"Injiniya ya ce mu kama ka, Yaya ta ce a'a. Ta ce ka gaji, jiya ba ka yi barci ba, mu kuma mun cika surutu, shi ya sa ka hau can inda ba za mu dame ka ba. Muka gaya wa Mama, ta ce a ƙyale ka." Ta ƙara tura matashin. "Na ga babu filo ne. Wuyanka zai yi ciwo."

Ƙura ce ta shiga idonsa, haka ya gaya wa kansa, wurin kuwa akwai ƙura, ba ƙarya ya yi ba. Ya goge ido da bayan hannu.

"Auta, ba barci nake ba. Wasa nake yi."

"Da gaske?"

"Da gaske. Me ake cewa idan an samo mutum?"

"Na kama ka," ta raɗa.

"Ban ji ba."

Ta waiwaya ta dubi ƙofa, ta sake dubansa ta tabbatar ba tarko ba ne. Sannan ta cika ƙirji.

"Na kama Baba!"

Kafin ka ce kwabo ƙofa ta cika da mutane. Ya ce Auta ta sauka ta matsa, ya juya a hankali, ya sauko da ƙafar dama ta sami kujera. Ya sauko da ta hagu, ita kuwa tun ɗazu ta yi murabus ba ta sanar da shi ba. Ya kai hannu ya kama abin da ya fi kusa, wato hannun babban akwati. Akwatin ya ce shi ma tafiya zai yi. Allah ya taimaka gado na kusa. Tsaya-Nan ya faɗi rigingine a kan katifa, akwatin ya bugi gefen gado ya buɗe baki, tsofaffin kayan jarirai na shekara goma sha uku suka yi masa ruwa. Wata 'yar hula mai kunnen kyanwa ta sauka daidai kan goshinsa ta zauna.

Yaya ta toshe baki da hannu biyu. Injiniya ya ciji leɓe har idonsa ya kawo ruwa. Kowa na jiran ya ga wace fuska za ta fito daga ƙarƙashin hular.

Ya yunƙura zai tashi, don saƙon shayi ya zama na gaggawa. Sai Auta ta sha gabansa, ta ɗaga tafin hannu.

"Tsaya nan."

Ya tsaya. Me zai yi? Doka ce. Ya ɗaga hannuwa sama yadda ya sa dubban mutane suka ɗaga. Ta lalube aljihun riga, ta sami biro da takardar sabulu. Ta lalube na wando, ta jawo wani abu a naɗe, ta warware.

"Littafina ne. Kwana biyu ina nema, har Malama ta yi min faɗa." Ta ɗago kai. "Baba, wannan na wane ne?"

"Naki ne."

"A rubuta sunansa," in ji Injiniya, da muryar nan mai kauri, kafin ya tuna a gaban wa yake.

Tsaya-Nan ya dube shi. Yaron ya sha jinin jikinsa.

"Ka manta jan hanci," in ji uban. "Kafin 'a rubuta' ma ina ja."

Mama ce ta fara dariya, ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa. Yaya ta bi, Injiniya ya kife a kan gado yana dukan katifa, Auta na tsalle tana dariya ba tare da ta gama sanin dalili ba. Shi ma wani sauti ya fito masa, mai tsatsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya ratsa ta tsakiyarsu yana jan ƙafa ɗaya zuwa banɗaki, hular kyanwa na kansa, dariyar ta raka shi har can.

Da aka natsa, aka kwashe kayan jarirai, ya kira Auta gefe ya buɗe mata shafin.

"Wannan na ukun, ba za a iya gyarawa ba?"

Ta duba da kyau, ta girgiza kai. "Malama ta riga ta sa jan biro. Ba a gogewa."

Ya gyaɗa kai. Shi ma a wurin aikinsa haka ne, abin da ya shiga rahoto ya shiga.

Ƙarfe biyu ta wuce. Saura awa huɗu ya koma bakin ƙofa ya tsaya har wayewar gari, idanunsa kuwa sun yi jawur, kansa na sarawa. Mama ta kore shi ɗaki ta ce ko awa biyu ya samu. Ya kwanta, ya rufe ido. Nan take gidan ya ɗauke. Aka kashe maganar falo, takun ƙafa ya koma na kyanwa, keken Mama ya koma ƙit, ƙit, ƙit. Shirun da ya shekara goma sha uku yana barci a cikinsa ne, yau kuma ya kwanta masa a ƙirji ya hana shi sakat.

Ƙofa ta ɗan buɗe. Bai buɗe ido ba. Ya ji numfashi a kusa da kunnensa, mai ƙamshin cakulan ɗin Mama.

"Baba," Auta ta raɗa, "wannan barcin gaske ne ko na wasa?"

Duk gaɓoɓinsa suka ba da amsa ɗaya. Ya tuna tsayuwar awa goma sha biyu da ke jiransa, da layin ma'aikata, da manyan motoci.

"Na wasa ne," ya ce.